Ku Tambaya Mu Amsa: Wai Wasan Ces Sai Mai Baiwa?

Salamu alaikum masu karatu. Tun da na taɓo maganar wasan ces, wato wasan nan na mutum biyu a kan allo mai gidaje 64, a fitowar da ta wuce saƙonni suke ta shigowa, yawanci daga cikin garin Kadunan nan, kuma abin da na lura kusan duk damuwa ɗaya ce, an faɗa wa mutane abubuwa a kan wasan nan da suka sa suna jin ba nasu ba ne. Ga wasu daga ciki.

Wata uwa daga Unguwar Rimi: Malam yarona ɗan shekara tara ya dame ni sai na saya masa allon ces don an buɗe kulob a makarantarsu, amma yaron nan lissafi ma da ƙyar yake hayewa, babansa ya ce asarar kuɗi ce wai wasan na masu baiwa ne da ke hango motsi ashirin a gaba. Ya zan yi?

Hajiya don Allah ki saya masa, kuma ki ba Alhaji haƙuri ya karanta wannan. Maganar hango motsi ashirin ɗin nan an daɗe da bincikenta. Wani masani ɗan ƙasar Holan mai suna Adriaan de Groot, wanda shi kansa ɗan wasa ne, ya fitar da aikinsa a 1946, ya zaunar da manyan gwanaye da kuma matsakaitan 'yan wasa ya ce kowa ya riƙa faɗin abin da yake tunani da baki yayin da yake neman motsi, sai ya tarar gwanayen ba wani nisa suke yi wa sauran a lissafin gaba ba, abin da suka fi su shi ne da sun kalli allo idonsu yake sauka a kan motsin da ya dace tun da farko. A 1973 kuma wasu biyu a Amurka, Chase da Simon, suka ƙara gwadawa. A nuna wa gwani allon da aka ɗauko daga wasa na gaske na daƙiƙa biyar kawai a rufe, sai ya jera yawancin 'ya'yan a inda suke, ɗan koyo kuwa 'yan kaɗan zai tuna. Amma da aka watsa 'ya'yan barkatai yadda ba zai taɓa faruwa a wasa ba, sai ga gwani ya dawo kusan daidai da ɗan koyo. Kin ga ashe sabo ne, ido ne da ya ga abu sau dubu har ya san fuskarsa.

Ki je Panteka ki ga makanikin da ya shekara talatin yana aiki, kafin ka gama yi masa bayani ya riga ya ji ƙarar injin ya ce maka ga inda matsalar take. Ko dattawan da ke dara a gindin darbejiya bayan la'asar a Tudun Wada, ramuka talatin a ƙasa kowa da tsinkensa goma sha biyu, tsoho yana hira yana ɓare goro amma da abokin wasa ya ɗora tsinke a ramin da bai kamata ba hannunsa ya riga ya kai. Babu wanda ya ce masa sai ya iya lissafin boko.

Sai dai gaskiya ɗaya da zan faɗa miki don kar ki zo ki ga laifina, kar ki saya da niyyar wai zai gyara masa lissafi. Masu tallar kulob suna yawan faɗin haka, amma an yi babban gwaji a makarantun firamare na Ingila wanda sakamakonsa ya fito a 2016, yaran da aka koya wa ces ba su fi sauran cin jarabawar lissafi ba. Abin da ni na gani da idona a wajen yara shi ne zama wuri ɗaya, da tsayawa a duba kafin a miƙa hannu, da kuma a ci ka ka miƙa wa wanda ya ci ka hannu ba tare da kuka ko faɗa ba, kuma wallahi wannan kaɗai ya isa a sayi allo dominsa.

Wani matashi daga Rigasa: Ni fa ina sha'awa amma abokaina suna min dariya wai wasan Turawa ne da 'ya'yan masu kuɗi.

Ƙanena ka ce musu wasan ya daɗe a hannun Musulmi kafin Bature ya san shi. Asalinsa Indiya ne wajen ƙarni na 6, ya shiga Farisa, Larabawa suka karɓa suna kiransa shaɗaranj, a Bagadaza aka yi gwanaye irin su As-Suli wanda ya rayu a ƙarni na 10, kuma ta Andalus na cikin hanyoyin da ya bi ya shiga Turai. Turawa sun yi masa gyara kam, su suka ba sarauniya ƙarfin da take da shi yanzu a ƙarshen ƙarni na 15. Yanzu ma wanda ya ci kambun duniya a Disamban 2024 yaro ne ɗan Indiya, Gukesh, yana da shekara 18.

Batun kuɗi kuwa, Tunde Onakoya da ya yi awa 60 yana wasa a dandalin Times Square na birnin New York a Afrilun 2024, a shagon mai aski ya koya a Ikorodu, kuma yaran da yake koya wa a Legas har da waɗanda ke kwana ƙarƙashin gadar Oshodi. Ga Tani Adewumi, iyayensa suka bar Najeriya a 2017, yana zaune a gidan marasa matsuguni ya ci gasar yara ta jihar New York a 2019 yana ɗan shekara takwas. In babu kuɗin allo ka samu kwali ka ja gidaje 64, marafan kwalbar lemo kala biyu goma sha shida-shida ka rubuta sunan kowane ɗa a kai, shikenan. In kana da waya akwai manhajar wasan mai suna Lichess, kyauta ce gaba ɗaya kuma ba ta shan data sosai.

Wani bawan Allah daga Badarawa: An ce min haramun ne don caca ce. Gaskiya ne?

Fatawa ba aikina ba ce Malam, wannan ka kai wa malamin da ka yarda da iliminsa. Abin da zan iya faɗa maka shi ne malamai sun yi saɓani tun da daɗewa, Imamu Malik ya ƙi shi kuma ya ce babu alheri a cikinsa, akwai waɗanda suka haramta kai tsaye, a mazhabar Shafi'i kuwa sanannen zance makaruhi ne matuƙar babu kuɗi a ciki kuma bai hana sallah ba. Ta fuskar yadda wasan yake, babu ɗan ludo da ake jefawa, babu kati a ɓoye, komai a fili yake gaban mutum biyu. Wanda ya sa kuɗi shi ya shigo da caca da hannunsa, wanda kuma aka kira magariba yana zaune yana cewa bari in gama wannan, to wannan babu wanda zai ce ya yi daidai.

Daga wata majalisa a Kawo: Raba mu gardama. In sarki ya rage shi kaɗai ba motsi 16 ake ƙirgawa a tashi kunnen doki ba? Kuma za a iya yin sarauniya biyu?

Toh wannan ƙirgar 16 ɗin ta bazu sosai, wasu ma 21 suke cewa, amma babu ita a dokokin hukumar ces ta duniya FIDE. Dokar da ke akwai ita ce in kowane ɓangare ya yi motsi 50 ba a ci ko ɗa ɗaya ba kuma babu ƙaramin soja da ya motsa, to ɗan wasa zai iya neman a tashi canjaras. Kuma akwai dalili, wanda ya rage da doki da bishof (wato mai tafiya a karkace) kawai zai iya buƙatar motsi sama da 30 kafin ya kama sarki ko da ya ƙware, in ka tsayar da shi a 16 ka zalunce shi. Sarauniya biyu kuwa ya halatta, duk sojan da ya kai layin ƙarshe za ka iya maida shi sarauniya ko da ta farko tana nan da ranta. Ku ƙara da wannan don na san za ta taso, in sarki ba ya cikin hari amma mai shi ba shi da ko motsi ɗaya da doka ta yarda, kunnen doki ne, wanda ya matse shi bai ci ba, na san abin da ciwo musamman in kai ne ke da komai a allo amma haka dokar take. Sannan wajen jera allo ku tabbata gidan kusurwar hannun damanku fari ne, sau da yawa nakan tarar an juya shi.

Wata 'yar'uwa daga Barnawa: Shekarata 41, 'yata ce ke wasan ni kuma ina leƙe har ya shiga raina, amma an ce in ba a fara tun yarinta ba ba a iyawa, kuma wai ƙwaƙwalwar mata ba ta ɗauka.

Yaya wannan magana ta biyun tana ɓata min rai don na ga yarinyar da aka cire daga kulob saboda ita. Judit Polgar 'yar ƙasar Hungari ta zama girandimasta, wato babban muƙamin wasan, a 1991 tana da shekara 15, a lokacin babu namiji ko mace da ya taɓa samu da ƙarancin shekaru haka, ta doke Kasparov, wanda ya taɓa riƙe kambun duniya, a wani wasa a 2002, a 2005 kuma ta kai ta takwas a duniya a jerin da ya haɗa maza da mata. Mata sun yi ƙaranci a sama, eh, amma ki duba majalisar unguwarku ki gani, yarinya nawa aka bari ta zauna awa biyu a gaban allo ba a kira ta wanke-wanke ba?

Shekaru kuwa ba zan ɓoye miki ba, masu kaiwa kambun duniya kusan duk tun suna ƙanana suka fara, ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma ke ai ba kambun duniya kika ce kina nema ba, so kike ki zauna da 'yarki ku buga ki ji daɗi, kuma gemu ba ya hana ilimi. Ki bar haddar buɗe wasa tukuna, nan ne manya ke ɓata lokaci su gaji su bari. Ki fara da yadda ake kama sarki da sarauniya, sannan da ruk, wato mai kama da hasumiyar nan da ke kusurwa, sai ki riƙa warware matsalolin motsi ɗaya ko biyu kamar minti goma sha biyar kullum bayan isha'i. Kafin kowane motsi ki tambayi kanki me take so ta ci min, kuma in na ajiye a nan wa zai iya ɗauke shi. Watannin farko za ta yi ta cinki, ki sa ta mayar da 'ya'yan baya ta nuna miki daidai inda kika saki, yara suna son a tambaye su haka.

Saƙon mai tambaya a kan agogon wasa da dokar in ka taɓa ka motsa ya iso, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.