Ku Tambayi Anti: Agwagwa irin ta Madagaska da zancen kayan ƙamshi

Tambaya: Salamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Dan Allah taimako nake nema, maigidana yaje aiki Madagaska, tunda ya dawo bashi da zance sai wata dahuwar agwagwa da yaci a Antananarivo babban birninsu, wai romon ɗan kaɗan ne amma ya kama naman har ƙashi. Na gwada na juye duk kayan ƙamshin da nake dasu yace ba haka take ba. Me na rage? Daga wata amarya.

Amsa: Wa alaikumus salam amarya. Baki rage komai ba, yawa ma kikayi. Mutanen Madagaska duk da ƙasarsu ce gidan banila da kanumfari, a tukunyar gida basa cika kayan ƙamshi, yawanci albasa ce da tafarnuwa da citta da tumatir sai gishiri. Daga yadda ya kwatanta inaga irin dahuwar da suke cewa ritra ce, wadda ake barin ruwan ya ƙone har naman ya koma soyuwa cikin mansa.

Ki samu agwagwa kamar kilo 2, kafin ki yanyanka ki duba saman jelarta akwai wani ɗan ƙullutu mai maiƙo, ki cireshi duka, shine yake kawo ƙarnin da yasa wasu suke gudun agwagwa. Ki jera naman a busasshiyar tukunya fatar tana kallon ƙasa, wuta kaɗan, karki zuba mai ko cokali ɗaya dan ita kanta tulin mai ce, zakiji ya fara tsatsafowa fatar tana yin ja. Ki tsiyaye man ki bar kamar cokali 2, sauran ki adana kya soya wani abin. Sai albasa manya 2, tafarnuwa kamar ƙwaya 6, ɗanyar citta kamar tsawon babban yatsa ki daka, tumatir 3, gishiri da ɗan masoro. Ki zuba ruwa ya dai shanye kan naman, ki rufe ki rage wuta.

To anan ake gane mai haƙuri, awa ɗaya da rabi zuwa biyu, in tsohuwar agwagwa ce ma ya wuce haka, in ruwan ya ƙare bata yi laushi ba ki ƙara ruwan zafi kaɗan kaɗan, in tayi sai ki buɗe murfin ki barta, zakiji ƙarar tukunyar ta sauya daga tafasa ta koma cacacas na suya, romon yayi kauri ya manne a jikin naman. Lokacin ki tsaya a kanta kina juyawa, minti biyu na waya ya isa ya ƙona miki ita.

Barkono basa sawa a tukunya, daban suke daka shi da citta da tafarnuwa da ɗan mai, sakay sunansa, kowa ya ɗiba daidai bakinsa. Da farar shinkafa ake ci da haɗin ɗanyen tumatir da albasa a gefe. In kinaso ki burgeshi ki zuba ruwa a ƙanzon shinkafar ki tafasa ki bashi da ɗuminsa, ranon'ampango kenan, shi suke korawa dashi bayan abinci.

Tambaya: Hajiya barka da aiki. Ina ganin banila da masoron Madagaska a intanet, wasu an rubuta wai an sayo su bisa adalci ba'a cuci manomi ba, kuma sunfi tsada. Da gaske ne ko dai dabarar 'yan kasuwa ce? Daga wani mai sana'ar girki.

Amsa: Malam duka biyun akwai. Banila yawancinta daga yankin SAVA take fitowa a arewa maso gabas, wajen Sambava da Antalaha da Andapa, kuma Madagaska ce tafi kowa nomanta a duniya. Furenta yini ɗaya yake buɗewa, manomi ne zai bi ɗaya bayan ɗaya da ɗan tsinke yana haɗa barbarar da hannu, dabarar da wani yaro bawa ɗan shekara 12 Edmond Albius ya gano a tsibirin Réunion a 1841. Sai a jira wajen wata 9 ta nuna, sannan a ƙara wasu watannin ana shanya da adanawa. Bayan guguwar Enawo ta 2017 kilo ya kai wajen dala 600, ɓarayi suka taso, manoma suna kwana a gona da adda, wasu suna buga tambarinsu da allura a jikin kowane sili, wasu su tsinke tun bata nuna ba. Daga baya farashi ya faɗi warwas, manomin dake karɓar ariary, kuɗin ƙasar, a ƙauye shi ya fara shan wuya.

Wanda yafi damuna ma masoron daji ne voatsiperifery, mai ɗan wutsiya a jikin ƙwayar. A daji yake fita yana naɗe dogayen bishiyoyi kuma 'ya'yan can ƙololuwa suke, da kasuwarsa ta buɗe a Turai wasu sai su sare bishiyar ɗungurungum dan su tsinka.

Dan haka rubutun kwali kaɗai bai isheni ba. Hatimi irin na Fairtrade yana da amfani tunda akwai masu zuwa su bincika, amma ƙananan ƙungiyoyin manoma da yawa basu da kuɗin yin rajistar. Ka tambayi mai sayarwa wane yanki, wace ƙungiyar manoma, girbin wace shekara, in kanumfari ne yawanci zakaji yankin Analanjirofo. Wanda yake saye kai tsaye zai amsa maka nan take, wanda ya fara kame-kame ka nemi wani.

Tambaya: Anti wai da gaske ana sa banila a agwagwa? Ba ta kek bace?

Amsa: Ana sawa 'yar uwa, amma anfi samunta a gidajen abinci, akwai hannun girkin Faransa a ciki. Rabin sili ya isa agwagwa guda, ki tsaga ki kankare baƙaƙen 'ya'yan ki zuba saura minti 10 ki sauke. Ta ruwa ta kwalba kuma ki karanta jikinta tukuna, yawanci da barasa ake jiƙata.