Motar kashe gobara mai haɗa batir da inji: za ta yi wa Kaduna?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ji ana ƙera motocin kashe gobara masu aiki da batir da injin dizal a haɗe. Batirin wayata ma idan zafin Afrilu ya zo ba ya kai la'asar. Anya irin wannan mota za ta iya da gobarar kasuwa? Daga wani mai karatu a Tudun Wada.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Za ta iya, amma da sharuɗɗa.

A motar da 'yan kwana-kwana suka saba da ita, inji ɗaya ne ke jan mota, shi ne kuma ke juya famfo. Muddin ana watsa ruwa dole ya yi ta ruri, ga hayaƙi, ga ƙarar da ke hana ma'aikata jin juna. A ƙirar RT ta kamfanin Rosenbauer na Ostiriya kuwa, lantarki ke juya tayoyi da famfo, sai ƙaramin injin dizal na BMW da ke tashi idan batir ya yi ƙasa. An fara gwada ta a birnin Balin na Jamus a 2020, kuma sama da kashi 90 cikin ɗari na fitar da ta yi, batir kaɗai ya wadatar. Birnin Los Anjalas na Amurka ya karɓi tasa a 2022.

Yanzu mu yi lissafi. Famfon da ke tura lita 2,000 a minti ɗaya da matsin bar 10 (bar ma'aunin matsin ruwa ne) yana cin kilowat 50 ko kusa da haka. Batir mai kilowat-awa 100 ke nan zai riƙe shi ƙasa da awa biyu, idan an cire abin da tafiya da fitilu suka ci, daga nan inji ya karɓa. Amma dubi tankin ruwan: lita 4,000 a wannan gudu, minti biyu ta ƙare. Idan wuta ta kama rumfuna a Kasuwar Gumi ko Panteka, ruwa ne zai yanke tun batir bai ji a jikinsa ba. Batirin kuma yana da nauyin ɗaruruwan kilo, kowane kilo ɗaya kuwa gurbin lita ɗaya ta ruwa ya ci. Ƙarancin ruwan nan ne ya fi damuna, ba caji ba.

Cajin ma ba wasa ba ne. Da caja mai kilowat 22 a layin lantarki mai fuska uku (three-phase), sai an yi kusan awa biyar kafin batirin ya cika daga ƙasa. Tashar 'yan kwana-kwana da wutarta ke zuwa tana ɗaukewa tana buƙatar janareto ko sola mai ƙarfi, in ba haka ba an koma ƙona dizal da mota mai tsada.

Zancen zafi kuwa, wayarka ba ta da abin sanyaya batir, motar tana da shi: ruwa ke zagayawa ta lagireto. Ƙurar hunturu tana toshe lagireton, batir ya ɗau zafi, kwamfutar motar ta rage ƙarfi. Sai an riƙa hure shi da iska a kai a kai, a kuma ajiye motar a inuwa.

Abin da ya rage shi ne gyara. Wayoyin lantarkin motar masu launin ruwan lemo suna ɗauke da ɗaruruwan bolt, makaniken da ba a horar ba kada ya taɓa su. Gurɓataccen dizal kuma yana toshe matatar hayaƙin sabbin injina.

Shawarata ga mai sayen mota: a fara da tankokin ruwa da wuraren ɗiba kusa da kasuwanni. Bayan nan a gwada guda ɗaya a tashar tsakiyar gari mai yawan fita kusa-kusa, a kuma sa horar da makanikai da kayan gyara cikin yarjejeniyar sayen.