Zane Ne Farko Ko Azurfa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni ɗan koyo ne, shekarata biyu a maƙera. An kawo mini likkafa in yi mata ado kafin hawan Sallah. Na gama zanen ganye tsaf, sannan na dasa zaren azurfa a gefe. Da na bi da magagari sai rabin zanen ya shafe, azurfar kuma ta ɓalle a wuri biyu. Ina na kuskure?
Ɗan koyo, daga Mabera, Sakkwato

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Ka fara ne ta inda ake ƙarewa. Ni ma na yi haka ina yaro a Maƙera Assada, a kan ƙotar takobin wani mahayi. Kwana huɗu ina zane, magagari ya cinye shi kafin a kira la'asar. Mahaifina bai ce mini uffan ba, sai ya miƙo mini wani guntun ƙarfe.

Ka fitar da dukan hoton a jikin ƙarfen da alama mara zurfi, don ka san inda azurfa za ta bi da inda ganye zai zauna. Amma abin da za ka fara yanka shi ne ramin azurfa kaɗai.

A wannan rami kuskurenka na biyu yake. Azurfa ba manne ta ake yi ba, kama ta rami ke yi. Idan bangon ramin a miƙe yake, ko bakinsa ya fi gindinsa faɗi, ranar da doki ya yi sukuwa zaren zai tashi. Ka karkata siririn kurfi ka rarake ƙarƙashin bango ta kowane gefe, gindi ya fi baki faɗi kaɗan. In wurin mai faɗi ne, ka tayar da 'yan haƙora a ƙasan ramin. Sannan ka gasa zaren har ya ɗan yi ja, ya huce, don shi yi laushi. Kama bakinsa guda ka bi shi da bugu sannu-sannu, yana bajewa yana cika lungun da ka raraka. Wurin da ka buga sau da yawa yakan taurare ya ƙi shiga, don haka kar ka yi ta komawa baya.

Wasu sukan narka liyari, wato tsohon kuɗin azurfa, su ja zare. Wanda ke ɗauke da shekarar 1780 ɗin nan, azurfarsa kashi 833 ce cikin 1000, sauran jan ƙarfe. Ya fi tsantsar azurfa tauri, sai an maimaita gashi. Ni dai tsantsar na fi so wa ɗan koyo.

Da azurfa ta zauna, sai magagari, sai samfefa, har yatsa ya wuce bai ji gaɓa ba. To yanzu ne lokacin zanenka: layin da ke raka azurfa ta gefe, ganye, jijiyoyinsa, sannan 'yan siraran layukan inuwa a can ƙarshe. Bayan su babu magagari kuma, sai tsumma.

In wata rana aikin ya zo a kan ruwan wuƙa ko takobi, ka gama yanka tun ƙarfen yana da laushi, domin kurfi ba ya cin ƙarfen da aka ƙona aka tsoma a mai. Wutar taurarawa tana kai digiri 800 da 'yan kai, tsantsar azurfa kuwa sai wajen 960 take narkewa, saboda haka za ta jure in ba ka cika zuga ba.

Likkafarka ba ta lalace ba. Cire zaren da ya ɓalle, rarake ramin, dasa sabo, goge fuskar duka, ka sake yanka ganyen a kan sawun da ya rage. In mai ita yana matsa maka, ka ce masa kwana uku.