Na yi masa manhaja, ya ce ba haka yake nufi ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na gama karatun kwamfuta a nan Damagaram. Wani Alhaji mai sayar da hatsi a Kasuwar Dole ya ba ni aikin haɗa masa manhajar lissafin kaya da bashi. Sau ɗaya muka zauna, ya ce so yake ya riƙa sanin abin da ya shiga da abin da ya fita. Wata uku ina fama. Da na kai masa, ya ce ba haka yake nufi ba, ya riƙe sauran kuɗina. Laifin wa ne, kuma yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Sannu da ƙoƙari. Zan faɗa maka gaskiya ko da ɗaci: kaso mafi yawa na laifin naka ne. Alhaji ya san hatsi, bai san manhaja ba, saboda haka zaƙulo abin da ke ransa yana cikin aikin da ya ɗauke ka ka yi. Wannan aiki sana'a ce mai zaman kanta, ana kiranta nazarin harkar kasuwanci. Tana da ƙungiyar duniya, IIBA, wadda aka kafa a Toronto ta Kanada a 2003, da kundin ƙa'idoji mai suna BABOK da bugunsa na uku ya fito a 2015. Kundin ya raba buƙatar kasuwancin kanta da buƙatar mutanen da ke cikinsa, sannan ya raba su duka da abin da na'ura za ta yi. "Abin da ya shiga da abin da ya fita" buri ne kawai. Da ka tambaye shi me ya sa, wataƙila ka ji cewa buhuna ne ke ɓacewa tsakanin sito da shago, ko kuma masu cin bashi ne ke musun abin da ake bin su. Kowanne da irin manhajar da zai haifar.

Inda na fi son ka tsaya shi ne kalmomi. Kai da Alhaji Hausa ɗaya kuke ji, shi ya sa ba ka yi zaton akwai rami a nan ba. Idan ya ce "ɗari", sefa nawa ke nan? A bakin ɗan kasuwarmu da dala ake ƙirga, dala kuwa sefa 5 ce, don haka ɗari sefa 500 ce, ɗari biyu ita ce jikka guda. Yaron shago zai danna 100 yana nufin 500, manhajarka ta ajiye 100, da yamma lissafi ya watse, a ce na'ura ce maƙaryaciya. Buhu fa, na kilo 100 ne ko na 50? In an fasa buhu ana awo da tiya, tiya nawa za a ɗauka ya bayar, kuma wa zai ɗauki ragowar da ta zube? Kayan da aka saro a Kano da naira, da canjin ranar saye za a lissafa su ko da na ranar sayarwa? Bashin da aka biya rabi ta kamfanin tura kuɗi na Nita, rabi hannu da hannu, a ina zai zauna?

Kada ka raina wannan. A watan Satumba na 1999 hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mas, saboda wani rukunin injiniyoyi ya fitar da alƙalumansa da ma'aunin ƙarfi na fam (pound), ɗaya rukunin ya karanta su a matsayin wani ma'aunin ƙarfi dabam mai suna nutan (newton). Kowa lissafinsa daidai ne a wurinsa. Dala da sefa ke nan.

Ni kaina na taɓa ƙonewa. Na yi wa wata ƙungiyar mata tsarin adashi, shugabar tana ta ce mini "to, madalla" duk abin da na karanta mata. Ashe kara take yi mini. Tun daga ranar na daina ɗaukar "to" a matsayin yarda. Mu kuma ƙanana kunya ke hana mu maimaita wa babba tambaya, kada a ce ba mu da fahimta. Mafita ita ce ka bar tambayar "kun gane?", ka kawo misali da lamba: "Alhaji, a ce wani ya ɗauki buhu 10 na gero ranar Alhamis, ya biya kuɗin 6, bayan mako ya maido 1. Me kuke so ku gani a gabanku?" A nan ba zai ce "to" ba. Zai gyara maka, gyaran nan kuwa shi ne abin da ka zo nema.

Yanzu ga abin yi. Ka je ka gaishe shi, kada ka tayar da maganar kuɗi. Ka roƙi izinin wuni biyu a shagon, ɗaya ya zama ranar Alhamis da kasuwa ke ci sosai. Ka duba littafin bashinsa, ka ga yadda ake rubuta shi, da boko ne ko da ajami. Ka lura da wanda zai riƙa danna na'urar, don da wuya ya zama Alhaji da kansa, kuma yaron da ke awo ya san abubuwan da maigida ya manta da su. Ka tambayi abin da za a yi in wuta ta ɗauke ko intanet ta yanke.

Sai ka zana fuskokin manhajar a takarda kafin ka sake taɓa kwamfuta, ku ware abin da dole ne da abin da zai iya jira. Abin da kuka tsayar ka rubuta shi a shafi ɗaya, ka karanta masa da Hausa a gaban shaida, ka kuma tura masa da murya ta WhatsApp ya amsa da bakinsa. Ku sa a ciki cewa duk abin da aka ƙaro daga baya yana da kuɗinsa da kwanakinsa, kuma duk mako biyu za ka kawo abin da ka gama a gwada shi da cinikin ranar. Sauran kuɗinka ka raba su kashi-kashi, kowane kashi ya biyo bayan gwajin da Alhaji ya gani da idonsa ya amince.