Me ya sa dutse ke fita baƙi ƙirin a hoton asuba?

Tambaya: Malam, na je Mambila kwanan baya, na yi sammako na ɗauki tsaunukan nan na wajen Nguroje, a ido abin gwanin sha'awa amma a hoto sama ta yi fari fat, dutsen kuma baƙi ƙirin. Kyamarar ce ko ni ne?

Amsa: Ɗan'uwa kyamararka lafiyarta ƙalau. Idonka ne ke iya ganin haske da duhu a tare, ita kuwa sai ta zaɓi ɗaya, kai kuma ka bar mata zaɓin. Sannan ina kyautata zaton rana ta riga ta leƙo kafin ka danna.

A Mambila rana na fitowa wajen ƙarfe 6 zuwa 6 da rabi kusan duk shekara, kuma saboda kusancin wurin da tsakiyar duniya, hasken nan mai taushi da ke zuwa kafin fitowarta bai wuce minti 20 da 'yan kai ba, da ta ɗago shi kenan ya tafi. To ka je wurin tun jiya da yamma ka ga inda za ka tsaya, ka san ina ne gabas, washegari ka yi sallar asuba a can ko kusa da can, ka kafa kyamara kan ƙafarta tun da sauran duhu. Wallahi ni wannan jiran na fi so a duk harkar, hannu na karkarwa don sanyi, raɓa ta jiƙe maka ƙafar wando, ba ka jin komai sai kukan shanu daga ruga, can sai ka ga bakin tsauni ya fara ja kamar garwashi alhali hazo na kwance cikin kwari bai motsa ba.

Saiti kuma: ISO (ƙarfin jin hasken kyamara) 100, faɗin ƙofar shigar haske f/8 ko f/11, ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba. Ka auna haske da sama, ba da dutse ba, don inuwa ana iya ɗago ta a kwamfuta amma saman da ya ƙone fari ba ya dawowa. In bambancin ya yi yawa ɗauki uku ba tare da ka gusa ba, mai duhu, matsakaici, mai haske, ka haɗa su daga baya. Sa taima ta sakan 2 kar yatsanka ya girgiza ta. In waya ce, taɓa sama a sikirin ka ja hasken ƙasa.

Kuma don Allah ka daina fuskantar rana kai tsaye, bar ta ta zo ta gefenka, a nan ne kowane tudu ke fitar da inuwarsa har ka ga lanƙwasar ciyawa. Lokacin hunturu mutane na ƙorafin ƙura, ni ina son ta, zuƙo nesa da dogon lens (gilashin gaban kyamara) za ka ga tsaunuka sun jeru bayan juna, kowanne ya fi na gabansa dusashewa.

Wurin ya haura mita 1,500, sanyi na shanye batir da wuri, ajiye na biyu a aljihun ciki. Riƙe ƙyalle mai laushi saboda raɓa na kwanciya kan gilashi. In makiyayi zai shigo hoton, gaishe shi ka nemi izini tukuna.