Amsa: Ta ina ake fara cin thali?

Ɗan'uwa, ka ce an kawo maka babban faranti a Indiya da ƙananan kwanoni kewaye da shi, ka rasa ta inda za ka fara. Nima ranar farko haka na tsaya ina kallo.

Thali sunan farantin ne, kwanonin kuma katori. Ana danganta tsarin da ilimin maganinsu na gargajiya, Ayurbeda, wanda ya ce abinci ya haɗa ɗanɗano 6: zaƙi, tsami, gishiri, ɗaci, yaji da bauri. Saboda haka kada ka cinye kwano ɗaya ka koma wani. Yagi roti, wato burodinsu mai faɗi, da hannun dama, ka dangwali miyar dal, wadda ake yi da dangin wake, ka haɗa da ganye. Shinkafa ta biyo baya. Idan yaji ya kama harshenka, kindirmon da ke gefe ne maganinsa, ya fi ruwa. Thali na jihar Gujarat ya fi zaƙi, har a cikin miya suna sa mazarƙwaila. A kudu kuwa, irin su Kerala, a ganyen ayaba ake zubawa.

Kuskuren da na yi shi ne na ɗebi achar cike da cokali, wato mangwaron da aka jiƙa da gishiri da barkono. Hawaye sai da suka zubo. Ɗan lakata ake yi.

In kana shakkar yanka, nemi na ganye zalla. Amma in kana da ciwon suga ko hawan jini, tambayi likitanka tukuna, domin shinkafa, man shanu da gishirin ciki suna da yawa, kuma wasu gidajen abincin ƙara maka za su yi ta yi har sai ka ce ya isa.