Tambaya da Amsa: Suya, Tuya, Gashi da Dambun da Ba Ya Jin Mai

Tambayoyin wannan makon duk daga madafa suka fito. Ta farko daga wata ɗaliba ce da ke karatu a ƙasar Sin. Ta ce: "Malam, a nan ana wata irin suya a kasko mai zurfi, kafin ka ƙifta ido an sauke. Na ba mahaifiyata labari a waya, ta ce in dai nama bai yi ja ya tsane ba, wannan ba suya ba ce. Wa ya fi gaskiya? Sannan mene ne bambancin soya da toya?"

Malama, ke da Hajiya kowa da gaskiyarsa. Suyar da Hajiya ta sani ana yin ta ne don nama ya daɗe bai lalace ba. Dubi naman layya: a sulala shi da gishiri da albasa, a tsame, a zuba a mai, a yi ta juyawa har ruwan jikinsa ya ƙone, a adana shi ya yi watanni. Su kuwa Sinawa, abin da suke kira "chao" ba don ajiya ake yin sa ba. Yanka komai suke yi ƙanana, su zafafa kaskon nan nasu mai suna "wok" har ya fara hayaƙi, su ɗiga mai kaɗan, su watsa nama da ganye suna juyawa ba tsayawa. Ganyen zai fito kore shar, yana ƙaras-ƙaras a baki. Tunda da tsinke biyu suke cin abinci, ba a kawo wuƙa wajen ci, dole mai girki ya gama yankan tun a madafa. Hausa ba ta da kalma guda ta wannan aiki, domin ba mu saba yin sa ba. Matanmu kan ce "a soya sama-sama", to amma wannan bai nuna ƙarfin wutar ba. Ki ce wa Hajiya suyar gaggawa ce a wuta mai ƙarfi, za ta gane.

Soya da toya kuwa, abin da na lura shi ne, ana soya abin da ya riga ya zama kansa, kamar nama, kifi, dankali, har gyaɗa, wadda da yashi ma ake soya ta ba mai. Ana toya abin da ƙullu ne, wuta ce za ta ba shi siffa: waina a tanda, ƙosai, funkaso. Shi ya sa wanda aka bari a duhu yake cewa bai san wainar da ake toyawa ba. A yau mutane da yawa, musamman a birane, sun haɗe su, za ka ji "suyar ƙosai", ba kuma wanda zai ce an yi kuskure. Ni dai ina son a riƙe bambancin, domin yana da amfani.

Tambaya ta biyu daga wani magidanci a Kumasi: "Me ya sa muke cewa gasa nama, gasa masara, gasa burodi, alhali ba iri ɗaya ake yin su ba?"

Alhaji, kalmar gasa tana ɗauke da kaya da yawa, kuma dalilin yana cikin tarihin murhunmu. Duwatsu uku ne da tukunya a kai, abincinmu kuma gero ne da dawa, waɗanda ba sa kumbura su yi burodi kamar alkama. Saboda haka kalmominmu suka yi yawa a wajen sarrafa tsaba da tuƙi: surfe, daka, niƙa, tankaɗe, talge, tuƙi, kwasa. A wajen rufaffiyar wuta kuwa ba mu tara komai ba. Da gashin cikin rufi ya zo, sai gasa ta ɗauki nauyinsa, kayan aikin kuma ya zo da sunansa. Tanderu daga "tannur" na Larabci yake, danginsa ne "tandur" da Indiyawa da mutanen Pakistan ke manna burodinsu a bangonsa. Je ka wajen masu gurasa a cikin birnin Kano ka gani: a hura wuta a cikin tanderun ƙasa, in ya ɗau zafi a shafa ruwa a hannu, a manna kwaɓin a jikin bangonsa, a ɓanɓaro in ya gasu. Sunan gurasar ma daga Larabci ne. A Sudan akwai "gurrasa", sai dai su a kan faffaɗan kasko suke yin ta. Alkubus ya fi ba ni sha'awa. Asalinsa "al-khubz", wato burodin Larabawa da ake gasawa, amma da ya shigo hannun matan Hausawa sai suka zuba shi a gwangwani suka turara. An karɓi sunan, an mayar da aikin irin wanda aka iya.

Mu ma mun ba wasu aro. Tsiren da ake gasawa a gefen wuta, a kudancin Najeriya "suya" suke ce masa, a Kamaru "soya", alhali ko kusa da kasko bai je ba. Mutanen Sudan ne suka fi dacewa, da suke kiran sa "agashe".

Ta ƙarshe daga wata malamar makaranta a Maraɗi: "Ɗalibaina sun tambaye ni ma'anar 'in dambu ya yi yawa ba ya jin mai'. Na san inda ake faɗar sa, amma me ya sa dambu, ba tuwo ba?"

Malama, domin tuwo da miya ake cin sa, shi kuwa dambu ba shi da abokin tafiya sai mai. Ba ya taɓa ruwan tukunya. Tsaki ne ake yayyafa wa ruwa, a zuba a madambaci mai huji a ƙasa, a ɗora kan tukunyar da ke tafasa, a liƙe mahaɗar da tsumma ko ƙullu don kada tururi ya tsere. In ya yi rabin nuna a juye, a murje, a haɗa da zogale ko rama, a mayar. Yana fitowa wara-wara, a bushe, kowace ƙwaya tana neman rabonta na mai. Ludayin man da zai jiƙe kwano guda, in aka zuba shi a babban masaki, ɓacewa zai yi. Don haka ake faɗar maganar in hidima ta fi ƙarfin abin hannu: mai gida mai iyali da yawa da albashi kaɗan, ko malami guda a ajin da ya cika ya batse. Ba zargi ba ne, uzuri ne ake ba wanda ya yi iya yinsa.

Wannan dabara ta turara tsaki ba mu kaɗai ke da ita ba. Ita ce ta kuskus a Arewacin Afirka, inda suke ɗora shi a kan tukunyar da miyar nama da kayan lambu ke dahuwa, ƙamshin ya ratsa shi, su kan kuma turara sau biyu ko uku suna murzawa da mai a tsakani. A shekarar 2020 hukumar UNESCO ta sa kuskus cikin al'adun gado na duniya da sunan Aljeriya da Maroko da Tunisiya da Muritaniya. A Senegal ma suna yin irinsa da gero, suna kiran sa "cere". Ki kai ɗaliban naki gidan da ake dambu su ga lokacin da ake zuba man, bayanin zai fi zauna musu.